Fuska, Gefe da Kusurwa

Wani kafinta ya sa ɗansa ya yanko katako don a haɗa akwati. Yaron ya dubi wani tsohon akwati da ke ajiye a ƙasa, ya ƙirga, ya yanko biyar. Da aka zo haɗawa, sai ga akwati ba gindi. Uban ya ce, "Ka ƙirga abin da idonka ya gani, ka manta da wanda ke ƙasa."

Abu uku ake ƙirgawa a jikin akwati. Na farko fuska, watau shimfiɗaɗɗen wurin da ake ɗora tafin hannu. Na biyu gefe, watau inda fuska biyu suka haɗu. Na uku kusurwa, watau tsinin da gefe uku ko fiye suka taru.

Mai hankali yakan yi ƙirga bi da bi. Akwati yana da fuska 6: sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu. Gefensa 12: huɗu a sama, huɗu a ƙasa, huɗu a tsaye. Kusurwarsa 8: huɗu a sama, huɗu a ƙasa. Haka bulo yake, haka kuma akwatin ashana.

Dala kuwa, irin ta Masar, ko irin ta buhunan gyaɗa da aka riƙa tarawa a Kano a dā, fuskarta 5 in an haɗa da gindi, gefenta 8, kusurwarta 5.

A shekarar 1750, wani masanin lissafi mutumin Suwizalan, mai suna Leonhard Euler, ya lura da wata ƙa'ida. In aka tara fuska da kusurwa, jimlar takan fi gefe da biyu. Ga akwati, 6 da 8 sun zama 14, watau 12 da 2. Ga dala, 5 da 5 sun zama 10, watau 8 da 2. Amma ƙa'idar ba ta shafi ƙwallo ko gwangwani ba, domin jikinsu a lanƙwashe yake, ba su da kusurwa.

Da ɗan kafinta ya san wannan, da lissafi ya nuna masa kuskurensa tun katako bai ɓaci ba.

Tambayoyi
1. Wace fuska yaron ya manta?
2. Gefe nawa ne da bulo?
3. Wani abu yana da fuska 5 da kusurwa 6. Gefensa nawa?