Filin Gwaggo: Awarwaron Hajiya da sarƙar lefe

 Uwar mijina tana da hawan jini, ta daɗe tana karɓo magani a Kazaure. Kwanakin baya wani mai talla ya zo ranar kasuwa da awarwaro mai mayen ƙarfe a ciki. Ya ce ai jini akwai ƙarfe a cikinsa, don haka awarwaron yana tsotse dattin jini, ya sauke hawan jini, ya kashe ciwon gwiwa. Hajiya ta saya, ta ajiye ƙwayoyinta, ta ce ita ta samu lafiya. Maigida ya ce kada in sa baki. Ni kuwa ni ke jinya idan jikin ya motsa. Yaya zan yi?
Mai damuwa, Roni

'Yata, Allah ya saka miki da alheri. Ba kowace suruka ce za ta rasa barci a kan wannan ba.

Mai tallan nan ya faɗi gaskiya guda, ya ɗora ƙarya a kanta. Akwai ƙarfe a jikin mutum, amma duka-duka giram 3 zuwa 4 ne a jikin babba, kuma ba irin na ƙusa ba ne. Abin da ya sa mayen ƙarfe, wato maganaɗisu, yake kama ƙusa shi ne, a cikin ƙusar akwai ƙananan yankuna da ido ba ya gani, kowanne ɗan maganaɗisu ne mai kansa. Suna nan kamar mutane a masallaci kafin a ta da iƙama, kowa da inda ya fuskanta. Da an kusanto da mayen ƙarfe sai su daidaita sahu, su fuskanci wuri guda, ƙusa ta manne. Baƙin ƙarfe da nikel da kobalt ne fitattu wajen wannan hali. Ƙarfen da ke cikin jini kuwa a warwatse yake, ƙwaya ɗai-ɗai, kowace a ɗaure cikin sinadarin da ke ba jini launin ja. Ba su taru ba, balle su yi sahu.

Ga hujjar da za ki iya faɗa wa maigida. Injin hoton MRI, irin wanda ake zuwa Kano dominsa, maganaɗisu ne mai ƙarfin da zai fizgo tukunyar iskar oksijin daga ƙofar ɗaki. Shi ya sa ake sa mutum ya cire makulli da tsinken gashi kafin ya shiga. Amma ana kwantar da mutum a cikinsa rabin awa, ya fito jininsa na gudu yadda ya saba. In wannan bai ja jini ba, 'yar ƙwayar da ke cikin awarwaro me za ta ja?

Sana'ar ma tsohuwa ce. Wani likita Bajamushe, Franz Mesmer, ya tara masu kuɗin birnin Paris da irin wannan da'awa, har Sarkin Faransa ya kafa kwamiti a 1784, da Benjamin Franklin a ciki. Suka rufe wa marasa lafiya ido suka gwada, suka gano sauƙin da ake ji daga zato yake fitowa. A 2007 mujallar ƙungiyar likitocin Kanada ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan maganaɗisu da ciwon jiki, ba ta samu hujjar cewa yana rage ciwo ba.

Kada ki ce Hajiya ƙarya take yi da ta ce ta ji sauƙi. Hawan jini sau da yawa ba ya ciwo, mutum yana hira yana dariya alhali jinin ya hau, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Abin tsoron ke nan.

Maigidanki yana da gaskiya a abu ɗaya: bai kamata ki zama ke ce mai gyara wa uwarsa ba. Amma shirun da yake nema ba biyayya ba ce. Ki same shi a keɓe, ba a gaban yara ba, ki ce abu ɗaya kike roƙo, ya kai ta a auna jinin cikin makon nan, da awarwaron a hannunta. Ma'aikacin lafiya ya faɗa mata da bakinsa. Kuma kada kowa ya ce ta cire shi. Ta sa abinta don ado, ta sha maganinta. Sai dai in tana da na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, to lallai a nisanta shi da ita. A kuma kula kada ƙwayoyin maganaɗisun su ɓalle jikoki su haɗiye, domin guda biyu a ciki suna iya manne wa juna su huda hanji.

Gwaggo, an kawo lefena, ƙawata ta ɗauko mayen ƙarfen tsohuwar sifika ta kara a sarƙar gwal ɗin, sai ta ɗan kama. Yanzu gidanmu an ce dangin ango sun yaudare mu, Umma har tana maganar a mayar da akwatuna.
Amarya, Gwiwa

'Yata, ku dakata da mayar da akwati. Ina ne ya kama? In wurin maɓallin ne kawai, ba komai, yawancin maɓallan sarƙa akwai ɗan sifirin na ƙarfe a ciki ko da sarƙar gwal ce tsantsa. In kuwa jikin sarƙar ne ya bi mayen ƙarfen, to ƙarfe ne aka shafa wa ruwan gwal, domin zinariya ba ta amsa kiran maganaɗisu.

Ki kuma gaya wa ƙawar taki gwajinta rabi ne. Tagulla da jan ƙarfe da alminiyam duk ba sa kamawa, shi ya sa 'yan jari-bola suke yawo da irin wannan mayen ƙarfen don ware su daga baƙin ƙarfe. Sarƙar tagulla za ta tsallake gwajinta lafiya lau. Masu sayar da gwal a Kano suna goga shi a dutse su ɗiga ruwan gwaji, su kuma auna nauyi, don gwal ya ninka tagulla nauyi fiye da sau biyu.

A samu dattijuwa ɗaya daga kowane gida su kai tare, ba tare da shela ba. In ta tabbata jabu ce, a fara tambayar inda aka saya. Mai yiwuwa angon ne aka cuta a kasuwa, kuɗin gwal ya biya.