Aƙidar Biganci da Karramar Baƙo: Nazari a Kan Girka wa Wasu Abincin Tsirrai

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi aƙidar da ta kafu a Ingila a shekarar 1944, wadda mabiyanta ke ƙaurace wa nama da madara da ƙwai da zuma da duk abin da aka samo daga jikin dabba, bisa dalili na ɗa'a. An taƙaita nazarin a kan matsala guda, wato yadda mai wannan aƙida ke yi idan girki ya hau kansa domin ciyar da wanda ba su yi tarayya a ra'ayi ba. An bi tarihin aƙidar da hujjojinta, sannan aka auna matsalar da ma'aunin karramar baƙo a al'adar Bahaushe. Maƙalar ta gano cewa abin da ke sosa wa baƙo rai idan ya rasa nama a kwano ya fi danganta da darajar da nama ke wakilta fiye da ƙoshi. Saboda haka wanda ya cire nama daga girkinsa, wajibi ne ya samo wata hanyar bayyana wannan daraja.

1.0 Gabatarwa

Abinci ɗaya ne daga cikin manyan ginshiƙan nazarin al'ada, domin da shi al'umma ke nuna zumunci da matsayi da girmamawa. Idan aƙidar mutum ta hana shi wani abinci, lamarin na iya tsayawa a kansa shi kaɗai muddin cikinsa kawai yake ciyarwa. Ranar da ya yi baƙo, ko ya ɗauki nauyin ciyar da iyaye ko 'ya'ya, aƙidar ta shiga haƙƙin wasu.

Kalmar da Turawa ke kiran mai wannan aƙida da ita ita ce vegan. Fassara ta da "mai cin ganyayyaki" ba ta gamsar ba, domin ta haɗe shi da wanda ya bar nama kawai amma yana shan madara, kuma ta mayar da batun na ciki zalla, alhali aƙidar ta shafi sutura da magani da sana'a. Don haka wannan maƙala ta ari tushen kalmar ta liƙa masa ɗafa-ƙeyar -anci, wadda Hausa ke amfani da ita wajen sunayen aƙidu da ɗabi'u, aka sami Biganci.

2.0 Asalin Aƙidar

Ƙaurace wa dabba saboda tausayi ya daɗe a duniya. Mabiya addinin Jain na Indiya sun gina rayuwarsu a kan ƙin cutar da duk wani mai rai. A duniyar Larabawa kuma, mawaƙin nan makaho na ƙasar Sham, Abul Ala'il Ma'arri (973-1057), ya bar nama da madara da ƙwai da zuma, har ya kare matsayinsa a wasiƙun da suka yi musaya da Mu'ayyad fid-Din Shirazi, jagoran masu da'awar daular Faɗimiyya.

Sai dai Biganci a matsayin ƙungiya mai suna da tsari ya fito ne daga cikin ƙungiyar masu barin nama ta Ingila, wadda aka kafa a garin Ramsgate a 1847. Wasu 'ya'yanta sun ga cewa sana'ar madara da ƙwai ba ta rabuwa da yanka, tunda ana raba maraƙi da uwarsa, ana kuma yanka saniyar da nononta ya ƙafe. A watan Nuwamba na 1944, Donald Watson (1910-2005), malamin koyar da sassaƙa a birnin Leicester, da Elsie Shrigley da wasu tsiraru suka kafa ƙungiyar Vegan Society. Abin lura shi ne tun farko sun fahimci cewa aƙidar ba za ta yi nisa ba sai ta shiga madafi. Shekara biyu kacal da kafuwar ƙungiyar, a 1946, Fay K. Henderson ta fitar da littafin girke-girke mai suna Vegan Recipes.

Daga baya masana falsafa suka ƙarfafa hujjojin. Peter Singer, a littafinsa Animal Liberation (1975), ya kafa hujja da cewa dabba tana jin zafi, don haka wahalarta abar lissafi ce. Tom Regan, a The Case for Animal Rights (1983), ya tafi a kan cewa dabba tana da haƙƙi na kanta wanda amfanin ɗan Adam ba ya soke shi. A watan Janairu na 2020 wata kotun sauraron ƙararrakin ma'aikata a birnin Norwich, a shari'ar Jordi Casamitjana, ta yanke cewa Biganci na ɗa'a aƙida ce ta falsafa da Dokar Daidaito ta 2010 ta ba wa kariya, kamar yadda ta ba wa addini.

3.0 Matsalar Girka wa Wani

Wannan hukunci ya fito da bambanci mai muhimmanci. Wanda ya bar nama saboda hawan jini ba ya jin komai idan ya soya wa baƙonsa kaza, domin jikinsa yake kiyayewa. Shi kuwa mai Biganci na ɗa'a, a ganinsa illar tana kan dabbar ne, ko wane ne ya ci. Saye da yanka da dafawa duk sa hannu ne. Daga nan mabiya suka kasu zuwa matsayi uku.

Na farko su ne masu cewa tukunyarsu ba za ta ga nama ba ko don wa. Hujjarsu ita ce nauyin bai zo ɗaya ba: mai cin nama babu abin da ya wajabta masa cin sa a kowane zama, amma mai aƙida lamirinsa ya hana shi dafa shi. Abincin tsirrai ke nan shi ne wanda kowa zai iya sa hannu a ciki. Irin wannan tunani ne ya sa ɗakunan ciyarwa na mabiya addinin Sikh, kamar na babban wurin ibadarsu da ke Amritsar, ba sa dafa nama, domin kowane baƙo ya zauna ya ci, ko da yake su suna amfani da madara da man shanu.

Na biyu su ne masu sassauci ga wanda ba shi da zaɓi, kamar tsohon da ake jinya ko yaron da aka ba su riƙo. Suna ganin cewa wanda ba ya iya shiga madafi da kansa bai kamata a ɗora masa aƙidar da bai zaɓa ba. Ma'anar da ƙungiyar Vegan Society ta ba wa aƙidar ma ta bar wannan ƙofa, domin ta ɗaure ƙauracewar da gwargwadon iko da abin da zai yiwu a aikace.

Na uku su ne masu ɗaukar girki a matsayin hanyar kira. A wurinsu kwano ɗaya mai daɗi ya fi doguwar muhawara tasiri. Haɗarin wannan matsayi shi ne baƙo ya gane cewa an gayyato shi ne domin a sauya masa ra'ayi, sai walimar ta koma tarko.

4.0 Ma'aunin Bahaushe

Bahaushe na cewa baƙonka annabinka, kuma babbar alamar karramawa a wurinsa ita ce a yanka wa baƙo kaza ko ɗan akuya. Suna da layya ba sa cika sai da yanka. Musulunci, wanda shi ne addinin mafi yawan Hausawa, ya halatta cin nama tare da umarni da kyautata wa dabba har a lokacin yanka ta. Don haka hujjar Regan ta haramta amfani da dabba ɗungurungum ba ta da gurbi a wannan tunani, amma batun tausayin dabba yana da shi.

Duk da haka, abincin yau da kullum na Bahaushe mafi yawansa tsirrai ne. Akwai ƙosai da ɗanwake da alala da garau-garau da dambu da kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa, ga kuma awara da ta bazu daga baya. Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman waken da ake waɗannan girke-girke da shi. Me ya sa ke nan wanda ya karya da ƙosai da koko cikin jin daɗi zai ji an raina shi idan aka kawo masa tuwo da miya babu tsoka a gidan da ya je baƙunci? Amsar tana cikin harshe. Hausa na kiran abincin da ba shi da mahaɗi lami, tana kiran tuwon da ba miya gaya, kuma duka biyun suna ɗauke da ma'anar rashi. Nama yana da tsada, saboda haka ganin sa a kwano shaida ce cewa mai gida ya yi asarar wani abu domin baƙonsa. Wannan saƙo ne baƙo ke nema, kuma shi ne ainihin abin da mai Biganci ke cirewa ba tare da ya lura ba, ko a Landan yake ko a Kano.

5.0 Sharuɗɗan Girki Mai Karramawa

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da sharuɗɗa huɗu.

Na ɗaya, gaskiya. A sanar da baƙo tun wajen gayyata irin abincin da zai tarar. Ba shi awara da sunan nama yaudara ce, kuma tana da haɗari, domin waken suya da gyaɗa suna cikin abincin da jikin wasu mutane ba ya karɓa.

Na biyu, ƙoshi da gina jiki. Hatsi yana da ƙarancin sinadarin laisin, wake kuma yana da shi da yawa, shi ya sa haɗin shinkafa da wake ke cike giɓin juna. Lemon tsami da tumatir suna taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe na ganye. Bitamin B12 kuwa ba a dogara da tsirrai wajen samun sa. Baƙon kwana ɗaya wannan bai dame shi ba, amma wanda ake ciyarwa kullum, musamman yaro da mai ciki da tsoho, dole a nema masa shi ta ƙwayar magani ko abincin da aka ƙara wa sinadarin.

Na uku, ɗanɗano. A 1908 masanin kimiyyar Japan Kikunae Ikeda ya gano cewa sinadarin gulutamet ne ke ba wa romo garɗinsa. Daddawar kalwa tana samar da wannan sinadari ta hanyar ruɓawa, don haka miyar kuka da ta ji daddawa ba ta zama lami ko babu nama.

Na huɗu, ɗawainiya da za a gani. Tunda an cire tsadar nama, sai a maye gurbinta da yawan kwanuka da wahalar hannu da kyan gabatarwa, a kuma bar muhawara sai wanda ya tambaya. Wannan ɗawainiya tana hawa kan mai cin nama shi ma idan mai Biganci ya baƙunce shi: ya kula da romo da man shanu da garin kifi da dunƙulen ɗanɗano mai kaza da ƙwan da ake sa wa alala ko awara. Tsame tsoka daga miyar da aka dafa da ita bai wadatar ba.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Biganci aƙida ce ta ɗa'a da ta kafu a Ingila, kuma girka wa wasu shi ne wurin da take haɗuwa da haƙƙin mutanen da ba su bi ta ba. Ma'aunin Bahaushe ya taimaka wajen gano cewa aikin nama a kwanon baƙo shi ne isar da saƙon daraja, kuma ana iya isar da shi ta wata hanya, kamar yadda karin maganar nan ta shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma ta nuna. Akwai buƙatar manazarta su tattara kalmomin Hausa na abinci marar nama a karuruwan harshe daban-daban, su tantance waɗanda ke ɗauke da ma'anar rashi da waɗanda ba su ɗauke da ita, domin hakan zai ƙara haske a kan matsayin nama a tunanin Bahaushe.