Nasiha ga Matasan da ke Hidimar Biki a Bakin Kogi

Tun da aka farfaɗo da bikin Rigata a zamanin Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ku ne ƙashin bayan hidimar. Ku ke kafa rumfuna, ku ke tarbar baƙi, ku ke riƙe da filafili a tseren kwalekwale. Ganin haka yana faranta mini rai. Abin da nake so in ja hankalinku a kai shi ne washegarin biki, lokacin da manyan baƙi suka koma Birnin Kebbi da Abuja, aka bar mu da bakin ruwanmu.

Ku je gaɓar kogi a Yelwa da sassafe bayan kowane babban taro. Ledar fiya wata ce birjik, da robar lemo, da farar robar zuba abinci, iska tana tura su cikin ruwa. Wannan shara ba ta ruɓewa. Za ku ga masunci zaune a inuwa yana tsintar leda daga ragarsa ɗaya bayan ɗaya, aikin da zai ci masa rabin hantsi kafin ya sake jefawa. Mai jirgin inji yakan kashe injinsa a tsakiyar ruwa, ya sunkuya ya warware ledar da ta naɗe farfela. Mahauta kuwa ku tambaye su abin da suke tararwa a tumbin akuya. Ga wani abin da ba kowa ke lura da shi ba: ruwan tafkin Kainji yana cika ne da ruwan damina, sannan da wanda ke gangarowa daga tsaunukan Gini a lokacin sanyi. Idan ya fara ja da baya, duk abin da muka zuba masa yana ajiye shi a kan lakar da manoma ke bi suna shuka. Albasar da Gungawa suka yi suna da ita, a kan wannan lakar take fitowa.

Ku tuna kakanninku sun riga sun biya wa wannan ruwa farashi mai tsada. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, an tashi mutane sama da dubu 40 daga garuruwansu da tsibiransu, tsohuwar Busa ta nutse, gungu da dama suka ɓace da gonakinsu da kusheyinsu. Abin da ya rage a hannun Gungawa da Lopawa da Shangawa da Kambari da Sarkawa shi ne tafkin kansa, mai tsawon sama da kilomita 130, da kifin da ke cikinsa. Bai kamata ranar da muka taru don girmama wannan gado ta zama ranar da muka fi ɓata shi ba.

Maganar ruwan sha ita ce ta farko, domin nan ne sharar ta fi yawa. A da, randa ake kafawa a inuwa, a ɗora moɗa. Ban ce ku koma ga moɗa ɗaya ga mutum dubu ba, tsafta ma tana da haƙƙinta. Amma tankin ruwa mai famfo a kowace rumfa, da kofunan silba da 'yan mata za su riƙa wankewa, zai rage buhunan fiya wata ƙwarai. Wanda dole sai an saya, a ajiye buhu kusa da mai sayarwa, a ce masa ledarsa tana wuyansa. Robar lemo kuɗi ce, masu zoɓo da kunun aya suna nema, 'yan gwangwan ma suna saye. Ku ware ta daban tun a filin, ku ba yaran da suka tattara ladansu. Kuma kada ku tara sharar ku cinna mata wuta a bakin ruwa ku ce kun share. Hayaƙin roba cuta ne ga ƙirji, abin da ya narke kuma ruwan farko zai kwashe shi. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Legas ta hana farar robar abinci a 2024. Mu ba sai mun jira doka ba, kalmar fada da ta hakimai da sarakunan ruwa ta isa idan an sanar da wuri.

Abinci a dafa gwargwadon jama'a, ragowar a san inda za ta tafi kafin ta lalace, makarantun allo suna kusa. Itacen girki kada a saro shi daga bishiyoyin gaɓa, saiwarsu ce ke riƙe ƙasa idan ruwa ya cika.

Sai kifi. Baƙo ya zo Yauri yana son giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa, kuma ya kamata ya ci ya ƙoshi. Hatsarin shi ne makon biki ya zama dalilin zuba raga mai ƙananan idanu ko jan ragar dala, wadda ke kwashe uwa da 'ya'ya. Masana a cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa sun daɗe suna gargaɗi a kan wannan. Ku dubi 'yan'uwanmu na Argungu. Bikinsu, wanda ya faro a 1934, hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, kuma sirrin manyan kifayen da ake fitarwa a kogin Matan Fada shi ne haƙurin da ake yi, ana tsare wurin ba a kamun kifi sai ranar ta zo. Idan kwamitinku ya ƙi sayen ƙananan kifi, ya kuma sa kyauta ga ƙauyen masuntan da suka fi kiyaye wurin hayayyafa, kun yi wa tafkin abin da jawabi goma ba zai yi ba.

Tsofaffi sun ce asalin Rigata jarumtar Gungawa ce a kan ruwa, har da farautar dorina. Yau dorinar ta ragu a ƙasar nan, ko da yake na san ɓarnar da take yi wa masu shinkafa, na san kuma ta taɓa rayuka. Ku nuna jarumtar a tsere da iyo da sarrafa kwalekwale. Inda aka san dorina tana kwana, kada a kai jiragen 'yan kallo, kada a tayar da ita da ƙarar inji.

Akwai abin da ba na iya faɗinsa ba tare da zuciyata ta yi nauyi ba. A watan Mayun 2021 jirgin da ya ɗauko mutane sama da 100 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, gidaje da yawa suka yi makoki a rana ɗaya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ranar biki jiragen da ke zuwa daga Shanga da Ngaski da ƙetaren kogi cike suke, kowa yana gaggawa. Ku tsayar da mutanenku a kowace mashiga su ƙirga fasinja, su tabbatar da rigar ruwa, su hana tafiyar dare, domin kututturan itatuwan da tafkin ya binne suna nan a ƙarƙashi. Wanda ya ji haushinku yau, gobe zai gode. Mai canza baƙin mai kuma ya yi shi a tudu, cikin galan, kada ya tsiyaye a ruwan da mata ke ɗiba.

Duk wannan ya shafi bikin aure da Maulidi da gasar ƙwallon unguwa da taron siyasa, ba Rigata kaɗai ba. Idan kun zauna lissafin kuɗi, ku rubuta na shara da na rigunan ruwa a layi ɗaya da na makaɗa da na rumfa, tun kafin kuɗin ya ƙare. Ku sa mata a kwamitin, su suka san yawan itacen da tukunya ke ci. Kuma kafin ku buga takardar gayyata, ku je ku gai da Sarkin Ruwa, ku zauna a ƙasa ku tambaye shi inda ya dace a kafa rumfa da inda bai dace ba.