Me Ya Sa Kwamfuta Take Sandarewa?

Wani ɗalibina ya shafe damina guda yana zagaya gonakin gero da wake a ƙauyukan Minjibir da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona. Ya auna gonaki 60, ya ƙidaya dammunan kowacce. Da ya dawo sai ya rubuta wa kwamfuta jerin umarni don ta lissafa amfanin kowace hekta, ta zuba a fayil. Yana cewa ta fara, sai manhajar da yake rubutun a cikinta ta ƙame, ko harafi ba ta karɓa.

A irin wannan aiki adadi iri biyu ne. Akwai tsayayye, wanda ba ya canzawa, kamar faɗin hekta, wato murabba'in mita 10,000. Akwai kuma mai canzawa, kamar lambar gonar da ake kai. Umarninsa shi ne: rubuta a fayil, ki maimaita har lambar gona ta kai 60. Sai dai ya manta bai ce a ƙara ɗaya bayan kowane zagaye ba, lambar ta tsaya a kan 1. Kwamfutar ba ta mutu ba. Aiki take yi haiƙan, tana rubuta layi ɗaya sau dubbai, fayil yana kumbura. Manhajar kuwa jira take aikin ya ƙare kafin ta saurare shi.

A matsayina na malamin ilimin halittu, abin ya tuna mini da wasu tururuwa 'yan uwan kwarkwasa, masu bin ƙanshin sawun na gabansu. Idan sahun ya haɗe ya zama da'ira, sai su yi ta zagaye har gajiya ta kashe su. A 1921 William Beebe ya ba da labarin irin wannan da'ira a Giyana, mai kewayen kusan mita 370.

Mai karatu zai ce, me ya hana kwamfuta ta gane da kanta? Tun 1936 Alan Turing na Ingila ya tabbatar cewa babu wata dabara da za ta iya faɗa, game da kowane jerin umarni, ko zai tsaya ko ba zai tsaya ba. Saboda haka malamai su sa ɗalibai su bi zagaye uku na farko da fensir a takarda, suna duba ko adadin yana motsi.

Gyaran ɗalibin nawa bai wuce layi ɗaya ba. Amma bai adana rubutunsa ba tun safe, da ya kashe na'urar sai da ya sake shi daga farko.