Littafin da Ya Ɓace a Cikin Haikali

Karatu: 2 Sarakuna 22:3-13

'Yan'uwa cikin Kristi, wanda ya tashi daga Jega ko Maiyama ya tafi Sakkwato yana iya ziyartar gidan ajiyar tarihi mai sunan Waziri Junaidu. A can an tattara tsofaffin littattafai rubutun hannu, na Larabci da na ajami, irin na zamanin Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi na Gwandu. Maƙwabtanmu Musulmi sun tsare su daga gara da laima tsara bayan tsara.

Haka kuma mabiya Buddha suke yi. A ƙasar Butan, cikin duwatsun Himalaya, an kafa gidan littattafai na ƙasa a shekara ta 1967. Littattafan addininsu suna nan a nannaɗe cikin ƙyalle, tare da allunan katako da aka sassaƙa domin buga su.

To, mu fa? Tun shekara ta 1932 muke da Littafi Mai Tsarki duka da Hausa. Amma a gidaje da yawa yana ƙarƙashin gado, bangonsa ya cire. A waɗansu majami'u gara ta cinye littafin sunayen waɗanda aka yi wa baftisma. Manomin Aliero ba ya barin albasarsa a inda ruwa zai taɓa ta, gama ya san tamaninta.

Karatunmu na yau ya nuna abin da ya fi wannan muni. A shekara ta 18 ta sarautar Yosiya, sa'ad da ake gyaran Haikali, Hilkiya babban firist ya tsinci littafin Shari'a. Ba abokan gaba suka sace shi ba. A cikin ɗakin Ubangiji yake, jama'a kuwa sun manta da shi. Da Shafan magatakarda ya karanta wa sarki, sai sarki ya yage tufafinsa, ya tuba. Ajiya ta tsare littafin, amma sai da aka karanta shi ya gyara ƙasa.

Saboda haka bari kowace ekklesiya ta sami akwatin ƙarfe domin takardunta, ta sa dattijo guda ya riƙa dubawa kafin damina. Bari kowane maigida kuma ya buɗe Littafin kowace maraice, ya karanta wa iyalinsa.

Tambayoyi:
1. Wane ne ya tsinci littafin, a ina kuma?
2. Me Yosiya ya yi da ya ji maganar?
3. Ina Littafi Mai Tsarki naka yake a daren nan?