Saita Kyamarar Zafi Kafin a Gaskata Launinta

Kyamarar zafi na'ura ce da ke kama hasken infirared, wato hasken da ido ba ya gani wanda kowane abu ke fitarwa gwargwadon ɗuminsa, ta mayar da shi hoto mai launi. Kuskuren da ya fi yawa tsakanin masu aikin lantarki da ke duba allon rarraba wuta da ita shi ne ɗaukar launi a matsayin hujja, alhali idan aka bar na'urar tana saita kanta, duk abin da ya fi zafi a hoton shi take ba launi mafi haske, ko digiri 35 ne ko 120. Maganin wannan shi ne ma'aikaci ya tsayar da iyakar zafi ta sama da ta ƙasa da hannunsa, ya matse tazarar da ke tsakaninsu, domin idan kwan fitila mai zafi ya shigo gefen hoton, tazarar takan buɗe har wayar da ta ɗara 'yan'uwanta da digiri 10 ta saje da su.

Abin da ya fi wannan wuyar sha'ani shi ne ƙarfin fitar da zafi, wanda ake aunawa daga 0 zuwa 1, kuma yake nuna yadda fuskar abu ke sakin haskenta na infirared. Fatar mutum tana kusa da 0.98, amma jan ƙarfe ko alminiyam mai sheƙi bai kai 0.1 ba, ga shi yawancin kyamarori suna zuwa a saite kan 0.95. Saboda haka sandar jan ƙarfe da ta yi zafin da za ta ƙona hannu tana iya fitowa da launin sanyi, kuma da yake irin wannan ƙarfe madubi ne ga infirared, sau da yawa ɗan tabon ɗumin da ake gani a jikinsa hoton mai riƙe da kyamarar ne, abin da ake ganewa idan tabon ya motsa sa'ad da ma'aikacin ya gusa gefe. Rage lambar zuwa 0.05 ba ya fitar da mutum daga matsala, domin a nan kuskure kaɗan kan jawo ratar digiri masu yawa. Dabarar da ta fi inganci ita ce a kashe wuta, a manna baƙin tef na masu gyaran waya a jikin ƙarfen, a maido da wutar, a jira ya ɗauki zafi, sannan a auna kan tef ɗin da lamba 0.95.

Launuka da tazara da ƙarfin fitar da zafi duk ana iya sauya su daga baya a kwamfuta idan hoton ya adana bayanan awonsa, amma hoton da aka ɗauka dishi-dishi ba shi da gyara, kuma yakan rage zafin ƙaramin wuri kamar kan noti. Haka nan gilashi ba ya barin hasken infirared da kyamarar ke kamawa ya ratsa shi, kuma layin da ba ya ɗauke da aƙalla kashi 40 cikin ɗari na nauyin da aka tsara masa ba lallai ne ya bayyana lahaninsa ba, don haka lokacin da injina ke aiki sosai ya kamata a yi binciken, da kayan kariya a jiki.