Koyar da Masu Aikin Taimakon Jama'a

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7

'Yan'uwa, 'ya'yanmu suna shiga makarantu inda a ke koyon aikin taimakon jama'a, watau lura da marayu, da gwauraye, da fursunoni. Waɗansu suna tsammani bangaskiya ba ta da wuri cikin wannan koyo. Bari mu bincika.

1. Abin da manzanni suka nema. A Urushalima gunaguni ya tashi, gama ana ƙyale gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci na yau da kullum. Manzanni suka ce a zaɓi mutum 7 waɗanda a ke shaidarsu, cike da Ruhu da hikima. Mu lura, abu biyu ne tare. Mu kuma lura, dukan bakwai ɗin sunayensu na Helenanci ne, harshen waɗanda suka kawo kuka. Maganin sonkai aka fara nema.

2. Misali daga Jamus. A shekara ta 1833 wani fasto, Theodor Fliedner, ya karɓi mace da ta fito daga kurkuku, ya ba ta masauki a ɗan ɗaki cikin lambunsa a Kaiserswerth. Ya gane kyakkyawar zuciya kaɗai ba ta isa ba. A 1836 shi da matarsa Friederike suka buɗe asibiti da gidan koyarwa, inda mata suka koyi jiyya wurin likita, suka koyi Maganar Allah wurin fasto. Florence Nightingale ta Ingila ta yi koyo a can a 1851.

3. Abin da za mu koya wa namu. Ɗalibi ya ƙware ƙwarai wajen binciken hali, da rubuta rahoto, da sanin doka, gama rago ba ya ɗaukaka sunan Ubangiji. Ya koyi rufa asirin wanda ya zo wurinsa. Kada ya duba kabila ko addini kafin ya ba da taimako. Kada kuma ya mai da hatsi ko magani tarko domin jawo mutum cikin Ekklesiya. Wanda ya bi saboda tuwo, ran da tuwo ya ƙare zai koma. Bangaskiya ce ta ke tuna masa cewa mashayi da ɗan kurkuku ma cikin surar Allah aka halicce su.

Tambayoyi:
(a) Don me manzanni ba su nemi hikima kaɗai ba?
(b) Su wane ne a ke ƙyalewa wajen rabo cikin ekklesiyarmu?
(c) Yaushe dattawanmu suka zauna da ɗalibanmu, suka yi addu'a tare da su?